Ko Ku Sa Mamman Wasa, Ko Ku Sallame Shi Ya Koma Jirgi

Zuwa ga Shugaban kulob ɗin ƙwallo na unguwar bakin ruwa, Yelwa.

Ni Malama Hadiza nake rubutawa, da bakin maƙwabciyata Inna Kulu mai bandar kifi. Ta ce a karanta a fili, kuma kar in gyara mata magana.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, ina gaida iyali da yaran nan naka masu gudu cikin rana. Ka girme ni da kujera, na girme ka da haihuwa, sai ka yi haƙuri da bakina. Ni ce kakar Mamman ɗan Audu, wanda 'yan kallonku ke kira Sarkin Benci.

Na ɗaya. Tun da kunka sayar da Ɗan Shanga, wanga mai ci muku ƙwallo, ya tafi Kwantagora, kunnena bai huta ba. Gindin durumin da nake banda, nan magoya bayanku ke taruwa. Wani ya ce a ɗauko dogon nan na Ngaski mai ci da kai. Wani ya ce wane shi, ai gwiwa tai ta mutu, kuma ya girmi koci. Wasu sun ce a aro yaro daga Zuru kafin a samu na kirki. In wani ya ce to Mamman fa, sai dariya. Tanko mai facin taya har ce mini ya yi wai jikana in anka ba shi ƙwallo tuƙa ta yake kamar jirgin da anka cika da hatsi. Yana faɗi yana cin kifina.

Na biyu. Ni ban san ƙwallo ba. Shekarar da Turawa sunka miƙa mulki ina amarya a gungunmu, tsibiri ne tsakiyar kogi, munka kawo albasa Yelwa cikin jirgi, na ga 'yan makaranta na bin abu guda da gudu, na ɗauka ɓarawo sunka kama. Har yau ilimina bai wuce nan ba. Amma ni ke wanke rigar Mamman. Damina uku ina wanke ta, ban taɓa samun ƙasa jikinta ba, sai ƙurar benci a gindin wando. Koci kullum ce mai yake ya zauna da shiri, in Ɗan Shanga ya ji ciwo shi ne. To ga Ɗan Shanga ya tafi ɗungurungum, kuna ta leƙa garuruwan mutane. Shirin me yake yi ke nan?

Na uku, kuma shi ya sa na kira Hadiza. La'asar kuke atisaye, la'asar ake zuba raga a ruwa. Aikin jirgi na mutum biyu ne tun kakanni: guda na wutsiya riƙe da filafili, guda na gaba yana zubawa. Audu shi kaɗai ya rage mini cikin waɗanda na haifa, furfura ta kama shi, kuma yanzu shi kaɗai yake fita. Da can kogi ne, mun san halinai, mun san inda yake fushi. Tun da anka datse shi a Kainji ya zama wani abu daban. Iska ta taso, ruwa ya miƙe tsaye. Itatuwan da ruwa ya ci suna nan ƙasa ba su faɗi ba, har tsamiyar ƙofar gidanmu. Makon da ya wuce raga ta maƙale a kututture, Audu ya sunkuya zai cire, babu kowa a wutsiya, jirgi ya kife. Wasu masu jigilar itace ne Allah ya kawo sunka tsamo shi. Ya dawo ba raga, yana tari har yanzu.

Mamman ya yi kuka ranar, ba zan yi mai ƙarya ba. Washegari ya ɗauki takalmi ya tafi fili, wai koci ya ce satin nan ake zaɓen 'yan wasa. Uban kuwa ya aro raga. Na yi magana, Audu ya ce Inna bar yaro ya gwada sa'a tai. Shi ma ashe ciwon ƙwallon ya kama shi, da rediyo yake kwana.

Hadiza ta ce na huɗu muke. To. Lokacin da ruwa zai ci gungunmu anka kwashe mu, anka ce da maigidana ya dakata, za a nuna mai fadamar da zai ci gaba da albasa. Ya zuba iri cikin gora ya rataye. Duk wanda ya zo sai ya ce mai ana nan ana dubawa. Abokanai da sunka fid da rai sun koyi su, wato kamun kifi, sun yi jirage, sun aurar da ɗiyansu. Shi yana jira har irin ya mutu cikin gora. Babu wanda ya zalunce shi da duka ko zagi. A'a ce kawai ba a ce mai ba. Irin zaman da yake yi bakin ƙofa, shi nake gani in na wuce filinku na hango Mamman.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ban ce ku sa shi don tausayin tsohuwa ba. In ya iya, ku sa shi tun farkon wasa, kowa ya gani, Tanko ma ya gani. In bai iya ba, ku sayo na Ngaski ko na Zuru, duk wanda ranku ya so, amma kai da bakinka ka kira Mamman, ka amshi rigarku, ka ce mai ba shi ba ne. Ni in na faɗa cewa yake Inna ba ki san harka ba. Naka zai ji. Zai yi fushi ya ƙi cin tuwo, na sani, zan iya da wannan. Ku yi shi kafin iskar farkon damina ta fara, don ita ba ta jiran ku gama shawara.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ku mai cin ƙwallon da zai sa a tashi daga gindin durumina. Allah ya raya maka naka, ya sa kar ka san zaman jiran jirgi.

Hadiza, an kira la'asar ko? Leƙa bakin ruwa ki gane mini, mutum nawa ne cikin jirgin Audu.

Ni Hadiza na leƙa na dawo na gaya mata mutum guda ne. Ta ce ta gaji, in rufe haka nan. 

Wassalam.