Kira Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni dai ga ni nan, daga ɗaki sai wurin walda. Idona ya gaji da hasken wuta, ko na rufe shi tartsatsi nake gani.

Ƙara na kawo miki. Maman Ummi ta sa an sare mangwaron da na dasa a tsakar gida kafin in taho, wai saiwarsa tana tsaga bangon ɗakin yarinya. Ban ce ƙarya take ba, na ga hoton tsagar. Amma sai da aka sare aka gaya mini, kamar wani ɗan haya.

Na ɗauke mata wuta. Kin san ni, ba na zagi, ba na ɗaga murya. Shiru nake yi har mutum ya gane kuskurensa. A da ba ta wuce kwana uku ba ta ba da haƙuri ba. Wannan karon sai a na huɗu ta kira, har sau goma sha ɗaya a wuni guda. Ina kallon wayar tana haske a kan benci, na ce bari a cika mako, na kashe ta. Tun ranar ba ta sake nemana ba. Yau wata biyu.

Don Allah ki je ki tuna mata tana da miji.

Ki huta lafiya,
Ƙaninki

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, kai ne ciwon yanzu.

Ba sai na je ba, a gabana aka yi kiran. A barandar asibiti muke. Ummi ce cikinta ya murɗa tun safe, likita ya ce afendis ne, sai an yi tiyata a ranar. Yarinya ta kafe ba za ta shiga ba sai ta ji muryar Babanta. Kira takwas na uwarta ne. Ukun ƙarshe ita ta danna da hannunta. Da aka zo tura gadon ta miƙo mini wayar ta ce, "Gwaggo, a bar shi, fushi yake. Sai ya huce." Yarinya 'yar shekara tara.

Za ka ce me ya hana a turo saƙo. An turo, duba wayarka. Ni kuma uwarta ce ta roƙe ni in yi shiru, ta ce tana so ta ga ranar da za ka tambayi 'yarka da kanka. Na karanta takardarka sau biyu. Mangwaro na gani a ciki.

Ummi ta warke, ta koma makaranta. Matarka kuma in kana zaton kuka take, har ƙiba ta yi.

Wai ba ka zagi. To Baba wa ya taɓa zagi? Ka manta yadda muke ɗaga murfin kwanonsa mu ga ko ya taɓa abincin, don mu san ko yau an yarda a yi dariya a gidan?

Allah Ya shirye ka,
Yayarka

*

Maman Ummi,

Bayan sallama, ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da mai jiki.

Na buɗe saƙon. Wata biyu da kwana tara yana zaune a wayata: "Ka ɗauka, Ummi ce."

Akwai direban da muke ɗaki ɗaya, Rediyo muke ce masa. Kullum sai sun yi cacar baki da matarsa a waya. "Ke kin cika rigima!" "Kai ka koya mini!" Kafin shayinsa ya huce kuma ka ji yana tambayarta ko ta ci abinci. Na daɗe ina raina shi, ina ganin ni ne mai haƙuri. Da na ba shi labarinmu ya dube ni ya ce, "Mai walda, kai ba haƙuri kake yi ba, horo kake yi." Na kwana biyu ban kula shi ba. Sai a na biyun, yana miƙo mini kofi ina kau da kai, na ga abin da nake yi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, batun mangwaron har yanzu yana mini zafi. Ya kamata in ji kafin a sa gatari. Amma na tambayi kaina, da kin faɗa me zan yi? Shiru zan yi, bango ya ci gaba da tsagewa a kan gadon 'yata. Ni na koya miki yin abu a bayana.

Shekara goma sha biyu kina ba ni haƙuri, har kan abin da ni na yi. Na bincika ban tuna ranar da na ba ki ba. Ga shi yau, a makare: ki yi haƙuri. Ban ce dole ki karɓa ba, ni ma da ni ne da wuya. Roƙona ɗaya, ki bar ni in ji muryarta.

Naki,
Baban Ummi

*

Baban Ummi,

Wa alaikas salam. Takardarka ta iso, muna lafiya.

Na gaya wa Ummi. Ta ce, "Ya huce?" Na ce ban sani ba, ta tambaye ka da kanta. Ta ce sai ta yi tunani.

Ranar Asabar da la'asar wayar tana hannunta. Kai za ka kira. In ba ta ɗauka ba, ka sake. Mu goma sha ɗaya muka yi.

Ka huta lafiya,
Maman Ummi