Rijiyar Baba da Leɓen Anisa

Litinin, 8 Janairu 2024
'Yata Fadima ta zo wankan jego, ta zo mana da iyayi. Nononta bai isa ba, sai madarar gwangwani, wai kuma da ruwan famfo za a dama wa jaririyarta, Anisa. Famfo! Ga rijiyar da Baba ya haƙa a tsakiyar lambu, ruwa garai-garai. Na ce a ɗebo, a tafasa sosai har ya ƙone rabi. Magana ta ƙare.

Alhamis, 11 Janairu
Na ƙara wa kabeji takin zamani na uriya, na yi ban-ruwa har ya kwanta. Lambun maƙwabcina Illa ba zai fi nawa kore ba bana.

Asabar, 13 Janairu
Leɓen Anisa ya yi shuɗi-shuɗi, numfashi sama-sama. Uwarta sai kuka. Na ce sanyi ne. Duk da haka mun kai ta asibiti.

Lahadi, 14 Janairu
Likita bai tambayi komai ba sai ruwa. Wai ƙasarmu yashi ce, ruwa kusa, takin da shuka ba ta ci ba yana bin ban-ruwa ya gangara rijiya. Babba in ya sha ba komai, jariri kuwa jininsa ya kasa ɗaukar iska. Na ce ai muna tafasawa! Ya ce, "Malam Sa'adu, tafasawar ce ta ƙara masa ƙarfi. Ruwa ya tashi, taki ya zauna."
Ji wani zance. Har tsabta ta zama laifi?

Laraba, 17 Janairu
Masu aikin ruwa sun tsoma 'yar takardar gwaji a gugana, ta rine jawur. Illa na leƙe ta kan darni, ko kunya. Ai shi ma yana zuba takin, ya fi ni ma!
A asibiti Fadima ta gan ni, ta kau da kai. Da ma ta yi faɗa.

Juma'a, 26 Janairu
An sallamo Anisa. Leɓe ja, kuka kamar za ta tsaga ɗaki, Alhamdulillahi. Ni ke zuwa famfo da jarkoki a amalanken jaki, don jakin ba ya jin kowa sai ni. Sauran buhun uriya yana nan a ɗaure, ban dai samu lokaci ba ne.
Da yamma na jawo guga kamar kullum, na kai baki, sai na jiyo kukanta daga cikin gida. Na tsaya.
Na juye wa kabeji. Da ma nasa ne.