'Yata Ta Ce Likita Ya Hana Ni Tafiya, Ashe Bai Hana Ba

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, don abin da ke cina a rai ba zan iya faɗa wa maƙwabta ba, kar a ce na tsufa ina tona wa 'yata asiri.

Shekaruna saba'in da ɗaya. Shekara talatin na yi a gidan waya, a ɗakin rarraba wasiƙu, tsaye gaban wani katako mai ramuka ina jefa wa kowace unguwa nata. Katunan da matafiya ke aikowa daga ƙasashen waje, masu hoton tsaunuka da tafkuna, duk ta hannuna suka bi. Ban taɓa karanta na kowa ba, Allah ne shaidata, amma hoton kam na kalla har na ƙoshi. Ni kuwa filin jirgi rakiya kawai ke kai ni.

Bara ƙungiyarmu ta 'yan fansho ta samo wani kamfani mai shirya yawon buɗe ido don tsofaffi irinmu. Kwana tara. Motarsu tana da matakala mai sauka har ƙasa, otal akwai lif, wuri biyu kacal ake zuwa a yini, ga nas tana biye da mu. Ni ina da ciwon suga da hawan jini, gwiwata ta hagu kuma ba ta jin magana, sai da sanda. Na ce wannan ai domina aka yi shi. Na yi fasfo, na sayi takalma masu laushi, kullum da safe ina zagaya harabar gida sau goma, har maƙwabciyata ta sa mini suna 'Yar Tsere.

Sharaɗinsu ɗaya ne, takardar likita. Babbar 'yata ce ta kai ni asibiti, don ita ke riƙe da katina, ita ke jera mini ƙwayoyi a ɗan akwatin nan mai ranakun mako. Ana ɗibar jinina a ɗaki na gaba, ita ta koma wurin likita. Da muka shiga mota ta ce mini, idonta a kan titi, wai ya ce zuciyata ba za ta ɗauki hawa jirgi ba.

Ban yi gardama ba, na janye sunana. Abokan aikina suka tafi suka dawo suna nuna mini hotuna a waya, har da wadda ta girme ni da shekara shida, tana zaune a keken guragu cikin jirgin ruwa, ta washe haƙoranta biyun nan da suka rage. Na taya su murna, na dawo gida na sha kuka. Amma wallahi ba rashin tafiyar ne ya fi yi mini ciwo ba. Wata huɗu na yi ina zaton mutuwa nake jira. Na daina zagayen safe don kar zuciyar ta tsaya. In na taka matakala uku sai in dafe ƙirji ina saurare. Na raba wa jikokina tufafina masu kyau. Gwiwar da ta fara saki ta sake ƙagewa.

Makon jiya taro ya riƙe 'yata a wurin aiki, sai na hau tasi na je asibitin ni kaɗai. Ina zama likita ya tambaye ni da fara'arsa yaya tafiya, kuma ko takardar da ya rubuta ta yi amfani a filin jirgi. Na ce masa wace takarda? Ashe tun ranar ya yarda. Ya jera sunayen magungunana, ya rubuta a ba ni kujerar gefen hanya a cikin jirgi in riƙa miƙe ƙafa, ya ce zuciyata lafiya lau daidai shekaruna, ya ba 'yata takardar hannu da hannu.

Da na tare ta ba ta musa ba. Kuka ta fashe da shi, wai tsoro take ji in faɗi a ƙasar da ba ta san kowa ba, kamar yadda babansu ya faɗi a hanya aka dawo mana da gawarsa. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ƙanenta ya sani, mijinta ma ya sani. Su uku suna kallona ina rabon kaya, babu wanda ya ce uffan.

Yanzu ƙungiya za ta sake tafiya nan da wata uku, fasfona kuma yana cikin jakar 'yata. Yau kwana takwas ba na ɗaga wayarta. Takan zo ta jera ƙwayoyin ta tafi, ina ɗaki ina jin motsinta. Ni na haife ta, amma yanzu ko ruwa ta ce ana yi sai na leƙa taga. In tafi in bar ta da fushina, ko in haƙura in zauna yadda suke so? Kuma yaya zan yi in sake yarda da bakinta?

Daga Tsohuwar Gidan Waya

AMSA

Wa alaikumus salam, Mama. Fushinki yana kan hanya. Ƙarya aka yi miki, kuma a kan lafiyar jikinki, kar kowa ya zo yana cewa ai ƙauna ce ki share. Ƙaunar tana nan, amma ta sa ki zaman jiran mutuwa wata huɗu, ta kuma ƙage miki gwiwa. Ya kamata 'yarki ta ji wannan daga bakinki dalla-dalla, ta nemi gafara ba tare da ta fake da kuka ba. Mazan nan biyu da suka yi gum ma kar su sha, ki kira su zaman.

Sai dai ki dube ta ita ma. Wadda aka taɓa kawo wa gawar uba daga hanya, duk ranar da ta ga an fito da akwatin tafiya sai gabanta ya faɗi. Ba mugunta ta yi ba, tsoro ne ya fi ƙarfinta, ita kuma ta zaɓi hanyar banza. Sannan, Mama, ki yi haƙuri in faɗa miki naki: kin sakar mata komai. Kati, fasfo, ƙwayoyi, har kunnen sauraron likita. Matar da ta yi shekara talatin ba ta jefa wasiƙa a ramin da ba nata ba, ba za ta kasa jera ƙwayoyin mako ɗaya ba.

Ki karɓi fasfonki da katinki a wannan makon, cikin ruwan sanyi. Daga yau duk abin da likita zai faɗa a kanki, kina zaune zai faɗe shi. Ki koma ya sake duba ki, don jikin da ya gani wata huɗu da suka wuce ba shi ne na yau ba, ki tambaye shi yadda za ki dawo da motsa jiki a hankali, da yadda za ki daidaita lokutan magani in agogon can ya bambanta da namu. In wannan karon ya ce a'a da bakinsa, to, ki karɓa.

In ya ce e, ki tambayi kamfanin a rubuce: nisan tafiyar ƙasa a kowane yini, ko banɗakin otal yana da ƙarfen dafawa, ko inshorarsu ta haɗa da cututtukan da kike da su tun asali, da asibitin da suke kai wanda ya kasa. Magani da na'urar gwajin suga su zauna a jakar hannu, tare da ƙarin na 'yan kwanaki. Ki nemi keken guragu a filin jirgi kuma kar ki ji kunya, ki adana ƙafar don wurin da kika je gani.

Duk wannan binciken ki yi shi 'yarki tana gefe. Ki ba ta lambar nas ɗin da sunan otal, ki sa mata lokaci ɗaya a yini da za ta ji muryarki. Yarda ba za ta dawo a kwana ɗaya ba, kuma ba sai ta dawo ba kafin ki tafi. Amma kar ki hau jirgi kuna gaba, ke ma ba za ki ji daɗin kallon komai ba. Ki ɗaga wayarta. Ranar tafiya ki bar ta ta raka ki filin jirgi, ta yi kukanta har ta gaji, ki share mata hawaye, sannan ki wuce ki hau.

Allah ya ƙara lafiya, ya kai ki ya dawo da ke, ya kuma daidaita tsakaninki da 'yarki.