Ƙofar da Na Toshe Saboda Awabu

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Yau Shamima ta kashe ni. Jikar da na goya da bayan nan! Ta dawo daga jami'a da kwamfuta, wai aikin gama karatu take. Ta zana gidanmu na unguwar Maamobi tsaf, har randa. Mutanen gida ta mai da mu ɗigo-ɗigo, ta kunna wutar ƙarya a kicin, ɗigo suka ruga zaure. Ɗaya ja yana can baya yana rarrafe har hayaƙi ya rufe shi. Na ce wane malalaci ne wannan? Ta ce, "Kaka, ke ce." Da ludayi na kore ta.

Laraba, 7 ga Mayu

Wai sunan abin similesho, kwaikwayon abu kafin ya faru. Akwai na koyon tuƙin jirgin sama, akwai na ambaliyar babbar gata, wato magudanar ruwa, akwai wanda ke jera trotro, motocin haya, a shataletalen Circle. Duk ta tsallake, sai ta zaɓi na ƙona kakarta. Na ce a yi wanda zai nemo miki miji mana.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sa ta ƙara mini gudu. Ni da na yi tallan koko daga unguwar Nima har unguwar Madina! Ta mai da ni kamar ɗan ƙwallo. Na fita, na yi guɗa. Amma zauren ya cushe, ƙananan ɗigo biyu suka maƙale a ɗakin ƙurya. 'Yan biyun Salwa ne, mai haya. Na ce kashe abin nan, ido yake ci.

Sai ta taɓa wani wuri, ta buɗe ƙofar baya. Kowa ya fita, har jan ɗigon da rarrafensa.

Ƙofar baya! Wadda ke faɗawa tsakar gidan maƙwabciyata Awabu. Ni na sa aka toshe ta da bulo tun shekarar da Awabu ta raba yayi, wato ankon bikin 'yarta, mata duk suka ɗinka atamfa iri ɗaya, ni ta tsallake ni. Na je biki kamar baƙuwa daga Kumasi. Ba zan buɗe ba kuraa, ko kusa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ban kula Shamima ba. Tuwonta ma na rage.

Lahadi, 11 ga Mayu

Munafuka, ashe har gidan Awabu ta auna. Ta ce nasu ya fi namu muni, lungunsu ko mai ɗauke da tire sai ya karkace. Ta nuna mini wani ɗigo da ko motsi ba ya yi, wai Awabu ce. "Tun da ɓarin jikinta ya shanye sai an ɗauke ta, Kaka. Kujerarta ba ta wuce lungun."

Na ce ina ruwana. Wa ya tambaye ta?

Ban san abin ya kai haka ba. Ba wanda ya gaya mini.

Talata, 13 ga Mayu

Salwa na hura gawayi, 'yan biyu na wasa kusa da tukunyar gas. Na yi musu tsawa har suka yi kuka. Kwamfutar banza, ta hana ni zama lafiya a gidana.

Asabar, 17 ga Mayu

Zafi ya yi yawa a gidan nan, iska ba ta shiga. Shi ya sa na kira Nashiru magini ya fasa bulon. Saboda iska, na gaya wa kowa.

Ƙura na lafawa sai ga Awabu a kujera, ta rame. Ta ce, "Lamisi, ashe kina da rai?" Na ce kwamfuta ma ta gwada, ta gaza.

Na sa Nashiru ya ƙara faɗin ƙofar kaɗan. Iska ba ta son matsi.