Malta da Madarar Boakye

Nsuta, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Serwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya hayaniyar Kumasi? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa mun saba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina faɗin magana ɗaya a garin nan, ba wanda ya ba ni amsa. Tun ranar da aka kafa injin daka fufu a bakin kasuwa na ce jikin mutane zai lalace. A da, kafin ka haɗiye loma sai taɓarya ta karɓi rabonta a jikinka. Kuma kwano ɗaya muke sa hannu, in ka cika loma idon ɗan'uwanka na kanka. Yanzu kowa ya ja farantinsa ya juya baya, wa zai ga abin da ya ci? Ticha Ampofo, da yake rubuta mini wannan, ya ce ba haka ba ne, wai masu kamfani ne ke zuba suga da gishiri a komai don kada baki ya gaji. Na ce, "Ticha, kamfani ne ya ɗaura maka wannan tulun a gaba?" Matar fasto kuwa ta ce babur ne, ko gona ba a zuwa da ƙafa. Kowa da tasa, alhali dukansu sun fi ƙarfin bencin coci. Rubuta, Ticha, haka na faɗa.

Amma ban yarda ki haɗa yayanki Boakye da waɗannan ba. Tasa ƙibar ta arziki ce. Mai motoci biyu a tasha, so kike ya yi kama da ni? In ya yafa zanensa ran Asabar ya shigo wurin makoki, mata har cewa suke wa matarsa, "Konadu, hannunki da albarka, kin iya riƙon miji!" Na ga takardar abincin da kika rubuto masa. Ganye da ruwa! Ɗana akuya ne? Na ba Konadu ta hura wuta da ita.

Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Kwasi Dapaa

Nsuta, 19 ga Agusta

Zuwa ga Serwa,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Mu dai da sauƙi.

Boakye ya rame, kin ji a waya, amma ji ba gani ba ne. Zanen da da ƙyar yake rufe shi yanzu sai ya naɗe rabi a kafaɗa. Ruwa ba ya kashe masa ƙishirwa. Ran Asabar a makoki wani mara kunya ya ce, "Oga, motocin ne suka cinye ka, ko wata ce a Kumasi?" Aka yi dariya, ina zaune. Ana raɗe-raɗin ciwon nan da ba a kiran sunansa. Wasu sun ce Konadu ce ta daina dafawa. Baiwar Allah ta bar zuwa kasuwa don kunya.

Kin ce ciwon suga ne, a kawo shi asibiti. To, ke da Ticha ku tsaya a kan magana ɗaya. Ba ku kuka ce suga ke sa ƙiba ba? Mutum yana ramewa, ku ce suga ta yi masa yawa? Ban yi boko ba, amma ba a yi mini wannan. Kuɗin kokon da nake nomawa ne ya kai ki makarantar da kike taƙama da ita.

Na dawo da shi gidana. Safe da yamma ina fasa masa kwalbar lemon malta, in tsiyaya madarar gwangwani a ciki, kamar yadda aka ba uwarku lokacin da jininta ya yi ƙasa bayan haihuwarki, ta kuwa murmure. Fufu kuma ni nake daka masa da hannuna, mu ci kwano ɗaya. In ya tsame hannu in ce, "Ci, ɗana, ina kallonka." Bai taɓa yi mini musu ba. Akwai ɗan gyambo a babban yatsan ƙafarsa da ya ƙi kamewa, amma ina sa masa ganye.

Kada ki wahalar da kanki da zuwa. Kafin Kirsimeti zai cika zanensa.

Mahaifinki,
Kwasi Dapaa

Nsuta, 27 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Serwa,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, tunda ba ta bakinki zan ji ba. Wannan ce wasiƙa ta uku da na aiko miki tun bayan jana'izar Boakye.

Kin zo da mota kin ɗauke shi, ko kallona ba ki yi ba. Kuka yanke masa ƙafa, kwana tara ya cika. A hannunku ya mutu, ba a nawa ba, wannan ki riƙe. Likita ya yi miki Turanci a gabana, kika dube ni, kika kau da kai. Me ya ce?

Kafinta bai zo awo ba, ya ce ai ya san Boakye. Ya ƙera akwati na mutumin da ya sani. Da muka sa shi sai ya kwanta a gefe guda kamar yaro a gadon ubansa, sai da muka cusa zannuwansa guda biyar kafin ya daina motsi. Matasa takwas aka tanada, huɗu suka ɗauka.

A filin makoki kin bi layi kina ba kowa hannu, daga dama zuwa hagu yadda aka saba. Kin gaisa da kawunki, kin gaisa da Ticha. Da kika zo kaina kika tsallake. Hannuna yana miƙe, Serwa. Duk Nsuta ta gani.

Har gobe ina nan a kan bakana, injin nan da faranti su suka ɓata mutane. Sai dai Boakye fufun turmi ya ci, a kwano ɗaya da ni, idona a kansa. Wannan maganar ce ta ƙi kwanta mini a rai. Konadu ta koma gidansu. Fasto ya ce lokaci ne ya yi. Ticha, da ba a taɓa rufe masa baki ba, na tambaye shi ya ce shi rubutu kawai yake.

Kwalaben suna nan jibge a bayan ɗaki, na hana a taɓa. Ke kika yi karatu. Kada ki ce mini lokaci, kada ki lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Abin da na riƙa fasa masa safe da yamma, shi ne ya kashe shi? E ko a'a. Ko zagina za ki yi, ki yi a takarda, Ticha zai karanta mini duka. Amma ki amsa mini.

Mahaifinki,
Kwasi Dapaa