Na tafasa tawul ɗin sa'a, yanzu ɗana ba ya cin abincina

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa, wanda zai ce in je in durƙusa ya adana datarsa.

Ni mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a unguwar Akwatialine, ɗana na fari yana ajin ƙarshe a sakandare, shi ne golan makarantarsu. Kocinsu yana da wani farin tawul, to, da can dai fari ne, wai tun da wani malami ya tofa masa addu'a ba a taɓa cinye su ba, don haka ba a wanke shi. Kafin wasa da lokacin hutu, da shi ake goge fuska da wuyan kowane yaro, ɗaya bayan ɗaya. Ni ban san da wannan ba sai da makero ya fito wa ɗana a wuya, ga maruru biyu a haɓa, yana ta susa har jini. Na kai shi asibiti, nas ta tambaye shi ko yana haɗa tawul da wani, ya sunkuyar da kai. Ashe kusan rabin tim ɗin haka suke, suna ta shafa man goge baki a kai.

Ran nan jakar tim ta kwana gidanmu. Na buɗe, wallahi warin tawul ɗin sai da ya mayar da ni baya. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗora tukunya, na tafasa shi da sabulu, na shanya a rana. Ruwan da ya fita ko kwata sai da ta yi baƙi.

Ranar Asabar aka ci su biyu. Shi ke nan fa, koci ya ce na wanke musu albarka, yaron ba zai sake tsaron raga ba sai na zo gaban tim na ba da haƙuri. Maigida ma ya ce in je kawai a wuce wurin, masu neman 'yan wasa za su zo wasan gaba, kar in toshe wa yaro hanya. Na ce masa addu'ar da sabulu zai wanke ai ni ban taɓa jin irinta a makarantar allo ba. Haƙurin me zan ba da? Na cewa na raba 'ya'yan mutane da cuta? Ko gobe aka kawo tawul ɗin nan zan sake tafasa shi.

Amma jama'a zuciyata na ciwo. Wuyan ɗana ya fara warkewa, shi kuma yau kwana biyar bai ce mini Mma ba, kenke, dunƙulen tuwon masarar nan, yake saya a bakin titi ya ci a tsaye, ni da nake ciyar da rabin layinmu.

In kai ƙarar kocin wurin hedimasta, ko in tara iyayen sauran yaran mu je tare? Ku faɗa mini yadda zan mayar da shi raga ba tare da na ce na yi laifi ba, don in na faɗa, gobe da wannan tawul ɗin za a sake goge masa fuska.