Moɗa Biyu a Hanyar Madina

Misfala, Makka. Jimada Ula, 1369.

Zuwa ga Yaya Tijjani, a Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mai ɗakinka da yara, da fatan zafin bakin teku bai dame ku ba. Mu nan lafiya lau, in ma za ka tambaya.

Ka san ba don kaina na ɗauki alƙalami ba. Baba ne. Tun da watan nan ya kama ba shi da zance sai na Rajab. Ya ce bana zai koma tafiyar Madina a ƙasa, yadda muke yi kowace shekara lokacin Inna tana da rai. Idonsa yanzu inuwa kawai yake gani, ƙafarsa ta hagu tana kumbura, amma kullum da safe sai na kama hannunsa mun je Harami mun dawo, wai yana horar da ƙafa.

Abu ɗaya ya tsare shi, moɗa, har ya rantse ba zai fita ba sai da ita. Moɗayenmu huɗu na tagulla, masu zobe a gefe da ake ɗaurewa a ɗamara, waɗanda Hashimu Banufe ya ƙera mana, ka san ambaliyar nan ta tafi da su tare da rabin ɗakinmu. Ka kuma san dokar Baba tun daga hanyar Wadai, inda suke auna ruwan salka shi da Inna: ba mai shan ruwa a moɗarsa. Ka cika taka ka miƙa wa na kusa da kai, shi ma ya cika tasa ya miƙo maka. Don haka ɗaya ba ta da amfani. Biyu nake nema, tasa da tawa. Ban lissafa da kai ba, kada hankalinka ya tashi.

Hashimu ya rasu tun ana yaƙi, yaransa sun koma liƙin gwangwani. Na zaga kasuwannin Makka har takalmina ya tsinke. Wani Bayamale dariya ya yi mini, ya ce, "Ya Hajja, wa ke shan ruwa a tagulla yau?" Jidda kuwa babu tarkacen da ba ya sauka a cikinta. Tun da kai ne babban magatakarda a bakin teku, ka duba mana wajen masu tsofaffin kaya. Shekara nawa ban roƙe ka komai ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Baraka 'yar Malam Yunus.

*

Jidda. Jimada Ula, 1369.

Zuwa ga 'yar'uwata Baraka, Allah ya kiyaye ta.

Bayan sallama irin ta Musulunci da tambayar lafiyarki da ta mahaifinmu, Allah ya ƙara masa sauƙi. Takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke cikinta, har da wanda aka sa don ya sosa mini rai.

Na tambaya. Irin wannan moɗa an daina yin ta, halas, magana ta ƙare. Duniya ta wuce nan. Ga kofuna shida na almuniyam na ba Mahmudu direba ya kawo miki, sababbi fil, ba nauyi, ba sa tsatsa, ba sai an goge su da toka da tsamiya ba.

Amma bari in faɗa miki abin da ya fi kofi muhimmanci. Mutumin da ya haura saba'in, ba ido, ba ƙafa, ba ya taka hanyar Madina a zafin Rajab na bana. Ke da kike tare da shi, maimakon ki kwantar masa da hankali, sai ki riƙa kama masa hannu kuna horar da ƙafa? Haba Baraka! In ziyara yake so, na yi magana da Mahmudu, zai ba shi gidan gaba a lori, kusa da taga. Ladan ziyara bai ragu don an hau mota ba, ki tambayi duk malamin da kike so.

Ki gaishe shi, ki ce ina nan tafe in aiki ya yi sauƙi.

Wassalam.
Ɗan'uwanki, Tijjani bin Yunus.

*

Misfala. Jimada Sani, 1369.

Yaya Tijjani,

Sallama da gaisuwa gwargwadon hali. Kofunanka sun iso, an gode, bin Yunus. Da ɗan Malam Yunus muka san ka.

Na miƙa wa Baba ɗaya. Ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci ya sunsuna, sannan ya ce in ba almajiran maƙwabta su riƙa wasa. Da na faɗa masa zancen lori kuwa, sai ya ce shi da ya tako daga Katsina da ƙafarsa, da ke a ciki ni a goye, ina nufin kai a goye ni a ciki, ka ga har hannuna ya rikice don haushi, ba zai je wa Manzon Allah a zaune kamar buhun shinkafa ba.

Ni kake ce wa haba? Ni ke wanke masa ƙafa, ni ke tashi in dama masa kunu kafin in fita tallar waina. Kai abin da ka sani shi ne aiko Mahmudu. Kuma kada ka ɗauka ban gane ba. Kunya kake ji abokan aikinka su ji an ce ga uban magatakarda can a hanya da sanda da salka, cikin Takari masu tafiyar ƙasa. To Takari ne mu, Yaya, ko ka naɗa rawanin Hijaz sau goma.

Ban fid da rai ba. Wata mai sayen waina ta ce mini Fatsuma, matar marigayi Hashimu, tana nan da rai, ta koma unguwar Hindawiyya nan Makka wajen ɗanta, kuma wai akwai ragowar aikin mijin a akwatinta. Ba ni da wanda zan bar wa Baba sai bayan Juma'a mai zuwa. Da na samu zan tafi, ka ga na sauke maka nauyi.

A gaida yara, su ba su yi mini komai ba.
Baraka.

*

Misfala. Jimada Sani, 1369.

Tijjani,

Sallama don ta zama wajibi.

Na je Hindawiyya. Na sami Fatsuma, ta tsufa tukuf amma hankalinta garau. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ai biyu suka rage, kuma wanki ya zo ya ɗauka ranar Talata. Ya ce ke kika aiko shi." Har siffanta mini kai ta yi, da farar jallabiyarka da tabon nan na goshinka. Ta ce ka riƙe su ka daɗe kana kallo, har ta ɗauka kuka za ka yi.

Wallahi tun daga Hindawiyya har Misfala ban san ta inda na bi ba. Na zauna ina jira, na ce wataƙila so kake ka ba Baba mamaki. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, Mahmudu ya zo ya koma hannu biyu. Ashe ni da bakina na nuna maka hanya!

Ka shigo Makka, Tijjani. Ka bi ta bayan unguwarmu ka wuce, ubanka yana zaune a ƙofar ɗaki yana sauraren takun mutane, ba ka leƙo ka ce masa sannu ba. Ka yi ƙarya da sunana wajen tsohuwa. Tir!

Ka aiko da su da Mahmudu a zuwansa na gaba. Ba roƙonka nake yi ba.

Baraka.

*

Jidda. Ƙarshen Jimada Sani, 1369.

Zuwa ga Baraka.

Wa alaikis salam. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. E, ni na ɗauke su. Suna nan cikin akwatina, kuma a nan za su zauna har Rajab ya fita. Da goma ne a wajen Fatsuma, da goman zan kwashe. Ban leƙo Baba ba don na san in ya tambaye ni ba zan iya yi masa ƙarya a fuskarsa ba.

Kin ce kunya nake ji. Tayyib, ki ce abin da kika ga dama. Amma tafiyarmu ta ƙarshe ba kya nan, kina gidan mijinki da jego. Ni nake nan. Ni na ga Inna ta zube a kan dutse bayan Usfan, leɓenta ya tsage, tana miƙa wa Baba moɗarta tana cewa ya fara sha. Ni na goya ta a bayana har muka sami masu raƙuma. Tarin da ta dawo da shi ai kin san inda ya kai ta. Ke kina tuna moɗar nan da daɗi, da waƙoƙin bege da hira a zango. Ni in na gan ta, bakin Inna nake gani.

Hanyar nan ta ci mini uwa, ba za ta ci mini uba ina kallo ba. Ya rantse ba zai fita ba sai da moɗa, to babu moɗa. Ya zauna ya yi fushi da ni, ya tsine mini ma in ya so, yana raye dai. Ke kuma in kina ƙaunarsa kamar yadda kike faɗa, ki yi shiru da bakinki, ki ce masa ba a samu ba.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.
Tijjani.

*

Misfala. Farkon Rajab, 1369.

Tijjani,

Sallama. Ni ba na yi wa Baba ƙarya, a fuska ko a bayan ido. Na karanta masa takardarka daga bisimilla har sa hannu.

Na ɗauka zai yi faɗa. Bai yi ba. Sai ya ce, "Ashe Tijjani ya zo Makka." Abin da ya ce ke nan. Da aka jima ya ce in rubuta maka cewa Inna ba hanya ce ta ci ta ba, kwananta ne ya ƙare, kuma da bakinta ta ce masa ba ta taɓa jin daɗin ruwa kamar na ranar nan ba. Ya ce kai kana goye da ita ne, shi yana gefenta yana ji.

Rantsuwar da kake taƙama da ita kuwa, ya sa na auna hatsi na kai wa miskinai goma, ya yi kaffara. Ka ga dabararka ta ƙare a nan. Ya ce tun da an hana shi moɗa, zan riƙa zuba masa a tafin hannuna, shi ma ya zuba mini a nasa. Hannun nan nasa da ke rawa! Ka lissafa da alƙalaminka na magatakarda nawa zai zube a ƙasa.

Jibi za mu tashi da ayarin mutanen unguwar Nakkasa, suna da jaki biyu na kaya. Ka so ka tsare shi a gida, abin da ka iya kawai shi ne ka fitar da shi ba moɗa. Kar ka wahalar da kanka da amsa, ba za ta same mu ba.

Baraka.

*

Jidda. Rajab, 1369.

Baraka,

Assalamu alaikum. Mahmudu zai bi ta Rabig da kayan Madina, na ce ya tsaya a shagon gahawa na bakin hanya ya tambayi ayarin Nakkasa har sai ya same ku. Ga moɗayen nan a ƙulle cikin hankici. Na goge su da tsamiya da hannuna.

Kada ki ɗauka na sauko ne. Har gobe ina kan bakana, wauta kika yi, kuma in wani abu ya same shi ke kika kama masa hannu kika fitar da shi. Amma ba zan kwanta ina tunanin ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunsa ba. Na so in biyo motar, jirgi ya shigo, maigidana bai sake ni ba.

Gidan gaba a lori yana nan, na biya. In ya gaji, ki lallashe shi ya hau. Ki ce masa Tijjani yana gaishe shi. Ki ce masa da kyau, ba da irin muryar nan taki ba.

Wassalam.
Tijjani ɗan Malam Yunus.

*

Rabig. Rajab, 1369.

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu a Hulais, a inuwar dabino kusa da rijiya, bayan ya yi sallar azahar a zaune. A can muka binne shi. Mahmudu ya same mu a nan Rabig, babu shi.

Ka ce zai mutu a hanya, ya mutu a hanya. Ka yi gaskiya, sai ka riƙe ta. Ni ma ga tawa: tun da muka bar Makka yake rera bege, ban ga haƙoransa a waje haka ba tun rasuwar Inna. Abu ɗaya ne ya dame shi. Duk motar da ta taho ta bayanmu sai ya tsaya ya juya kunne, ya ce, "Baraka, duba ko shi ne." Bai taɓa zaton aikowa za ka yi ba. Kullum cewa yake in ka kawo.

Ya bar wasiyya a kan moɗayen, shi ya sa ka ga hankicinka ya dawo da nauyi. Ɗaya taka ce, na riƙe ɗaya. Ba don na yafe ba, ban yafe ba, umarninsa na bi. Ka san doka. Tawa tana ɗaure a ɗamarata, zan ƙarasa Madina da ita a bushe.

Rajab na baɗi, in da rai, zan tashi daga Misfala in tsaya a Hulais. Kada ka aiko direba.

Baraka.